Rigar da Tunau Ya Ɗinka

Bulus ya kifa kwanon sha a kansa, ya soka guntun kara a gefen bakinsa, ya hau turmin uwarsa ya harɗe ƙafa. Shi ke nan, ya zama Bature.

"Shigo!" in ji shi, yana magana ta hanci.

Lukuman ya fito daga bayan zanen da aka shanya a igiya, wanda suka shirya shi ne ƙofar ofis. Ya tuɓe takalma, ya fara rage tsawo.

"Tashi, tashi! Fadar hakimi ka zo? Tsaya a miƙe, ka dube ni. Yawwa. Sunanka?"

"Lukuman Tsafe."

"To, Lukuman Tsafe, ɗalibin kwalejin aikin gona ta Zariya. Kana so a ɗauke ka koyon aiki na damina a gonar gwaji ta Gusau. Gurbi ɗaya ne, masu nema kuwa ga su can cike da baranda. Gaya mini, me ka iya?"

Lukuman ya dubi kwanon, ya dubi karan, ya dubi wata kaza da ke tono a gindin mangwaro.

"Ana dai taɓawa."

"Ana taɓawa!" Bulus ya fizge karan daga bakinsa. "Su wa ke taɓawa? Kai da su wa? Ka ce, 'Na iya huɗa da shanu. Na iya auna gona. Ni ne na ɗaya a aikin fili.' Ko ba kai ne na ɗayan ba?"

"Haka malamai suka ce."

"To kai ma ka ce mana!"

"Ai sun riga sun faɗa."

Daga bakin murhu Mama Lami, uwar Bulus, ta ɗaga murya tana juya masa a tanda, ko waiwayowa ba ta yi ba. "Kai Bature, sauka daga kan turmina. Ba a zama a kan turmi, ko a Ingila ne. Kai kuma Lukuman, zo ka ci masa da zafinta. Mai yunwa ba ya iya yabon kansa."

"Ko ya ƙoshi ba zai iya ba, Mama," in ji Bulus. "Tun hantsi muke kan tambaya ɗaya."

A bazarar alif ɗari tara da hamsin da biyar ke nan, a Sabon Garin Gusau, bayan tashar jirgin ƙasa inda uban Bulus ke aiki. Bulus yana gaban Lukuman da aji ɗaya a kwaleji, kuma bara shi ya sami gurbin nan, don haka ya san halin Baturen gona, wanda mutanen gari suka laƙaba wa suna Mai Lofe. Mai Lofe ba ya yarda da sakamakon makaranta sai ya ji daga bakin mai shi. A ganawarsa, wadda su Bulus ke kira intabiyu, wanda ya yi shiru ya faɗi.

Dokar kwaleji kuwa ita ce, kowane ɗalibi sai ya yi damina guda a gonar gwamnati kafin a ba shi shaidar gamawa. Wanda ya rasa ta Gusau sai a tura shi can ƙasar Barno. Lukuman bai ƙi Barno ba. Amma a Tsafe akwai kakarsa Halima, wadda ta rene shi tun bayan rasuwar iyayensa, da 'yar gonarta a gindin dutse. Daga Gusau yana iya hawa mota ranar hutu ya je ya yi mata huɗa da noma. Daga Barno kuwa sai dai ya aiko da gaisuwa, gaisuwa kuma ba ta cire ciyawa.

Suka ci masa, suka sake gwadawa. Bulus ya yi masa lallami, ya yi masa tsawa, har ya sauya, shi ya zama ɗalibi don ya nuna masa yadda ake yi: ya bugi ƙirji ya jera abubuwan da ya iya, har da waɗanda Mama Lami ta rantse ba ta taɓa ganin ya yi ba. Lukuman ya yi dariya har da hawaye. Amma da aka dawo kansa, kalmar "na iya" ta taso daga cikinsa, ta iso maƙogwaro, ta tsaya cik kamar jakin da ya hango gada.

A mota, kan hanyar komawa Tsafe, ya yi ta juya maganar a ransa, don shi mutum ne da in abu ya shige masa duhu ba ya iya ajiye shi. In ya ce ya iya, gaskiya ce, amma gaskiyar da aka hana shi faɗa tun yana tatata. In ya ce bai iya ba, ladabi ne, amma ƙarya ce. To wanne ya fi nauyi a ma'auni, gaskiya mai ɗaga kai ko ƙarya mai sunkuyar da kai? Motar ta zo daidai Dutsen Kwatarkwashi bai sami amsa ba. Ya dubi dutsen. Kowa ya san shi babba ne, kuma bai taɓa faɗa da bakinsa ba. Sai dai dutse ba ya neman aiki.

Ya tarar da Kaka Halima a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗar iri.

"Maigida ya dawo!" in ji ta. "Mi ka kawo wa amarya daga birni? Ko hannu rabbana, kamar kullum?"

"Masa ce, daga Mama Lami. Ki ci a hankali, kada sauran haƙorin ya bi ta."

"Ja'iri. Haƙorina guda ya fi naka duka aiki."

Ya zauna, ya jawo kwando yana taya ta ɓara, ya kwashe labari ya gaya mata. Tana ji tana ɓara, har ya zo kan tambayar. Nan hannunta ya tsaya.

"Tsaya. Wato Baturen so yake ka tsaya gabanai ka yabi kanka?"

"Haka ne."

"Da bakinka?"

"Da bakina, Kaka."

"La'ilaha illallahu!" Ta riƙe haɓa. "Su can garinsu ba su da maroƙa?"

"Ga alama babu."

"Allah sarki," in ji ta, da tausayi na gaske a muryarta. "Shi ya sa. Mutum ya yi aiki, kuma ya zo ya yi shela da kanshi." Ta girgiza kai. "To ka ji ni da kyau. Kakanka ya riƙe sarautar noma ta unguwar nan har Allah ya karɓi abinsa, bai taɓa buɗe baki ya ce ni ne ba. Tunau maroƙi ke faɗi. Yabon kai jahilci ne, ni kuwa ban kai ka boko don ka koyo mini jahilci ba."

"In na yi shiru kuma, Barno za a kai ni. Wa zai yi miki huɗa?"

Ta ɗauki gyaɗa guda ta juya ta a tsakanin yatsu, ba ta fasa ba. Can ta ce, "Tashi ka yi wanka, duk ƙurar mota ce a kanka. Allah na nan."

Washegari da hantsi Lukuman ya dawo daga kewaya gona, sai ya yi kiciɓis da Tunau a zaure yana fitowa daga cikin gida, kumatunsa cike da goro. Tunau shi ne maroƙin manoman unguwar. Tsoho ne siriri, wuyansa kamar na zalɓe, amma in ya rataya gangar noma ya buɗe baki a wurin gayya, ana jiyo shi daga ƙauyen gaba, kuma samarin da suka fara gajiya sai ka ga sun sake duƙawa kamar yanzu suka zo. Shi ya yi wa kakan Lukuman kirari tun suna samari.

Lukuman ya durƙusa ya gaishe shi. Da yake maganar jiya ba ta bar shi ba, sai ya ce, "Baba Tunau, in yi tambaya?"

"Ɗan boko da tambaya, kamar kaza da tono. Yi."

"Na ji kana cewa kakana ya taɓa yin noma har rana ta roƙe shi ya bari ta faɗi. Haka aka yi?"

Tunau ya ƙyalƙyale da dariya har ya sarƙe da goro. "Kai ka taɓa jin rana ta yi magana?"

"To ashe ƙarya ce ke nan."

"Kul!" Tsohon ya ɗaga yatsa. "Maƙaryaci so yake a yarda da shi. Ni wa ya taɓa yarda da ni? Kirari riga ce, yaro. Ka taɓa ganin an ɗinka wa yaro riga daidai jikinai? Sakin ta ake yi, ta yi mai yawa, tana jan ƙasa, shi ji kunya shi girma shi cika ta. Ranar da na fara ce wa kakanka mai dame dubu, ko ɗari bai haɗa ba. Da ya rasu fa? Tambayi rumbunan gidan nan."

Ya tofar da tuƙar goro, ya yi gaba yana ƙunƙunin wata waƙa. Lukuman ya bi shi da kallo. Amsar ta burge shi, amma bai ga inda za ta yi masa amfani ba, tun da shi matsalarsa ba ta ɗinki ba ce.

Ranar ganawa ya yi sammako. Ya sa farar kaftaninsa da ta sha bugu, Kaka ta kawo hular kakansa ta ɗora masa da hannunta, ta ja baya ta dube shi.

"Wanga miji nawa ya yi kyau. Kada dai 'yan matan Gusau su yi mini ƙwace."

"Ki yi mini addu'a, Kaka."

"Na yi. Na kuma yi abin da ya sawwaƙa."

Bai tsaya tambayar ma'anar wannan ba, don ya ji ƙahon mota. Ya hau bayan lori, ya sami wuri a kan buhun gero. Sai ga Tunau a gefensa, ya rungume wani buhu mai ƙaton ciki.

"Baba, ina zuwa?"

"Bungudu. Suna aka gayyace ni."

"Allah ya raya."

"Amin," in ji Tunau, yana kallon wani wuri daban.

Ofishin gona dogon gini ne mai rufin kwano a bakin hanyar Bungudu, da baranda a gabansa da itatuwan dalbejiya a jere. Masu neman gurbin suna zaune a kan benci, kowa leɓɓansa na motsi yana bitar abin da zai faɗa. Bulus ya zo a kan keken ubansa don ya ƙarfafa masa zuciya. Ya gyara masa zaman hula, ya kama kafaɗunsa biyu.

"Kalma biyu ce kawai, ɗan'uwa. Na iya. Faɗi in ji."

"Na ji."

"Ba 'na ji' ba! Wayyo ni Bulus."

Masinja ya leƙo ya kira sunansa.

Mutum biyu ne a bayan tebur. Ga Mai Lofe, dogo, jajir, lofensa na gaske na fitar da hayaƙi. Ga kuma Wakilin Gona na En'e, wato hukumar gargajiya, Malam Muhammadu Sani, dattijo mai furfura a gemu, yana jan carbi a hankali. Lukuman ya rasa ko ya tsaya saboda Bature ko ya durƙusa saboda dattijo, sai ya raba: ya rusuna rabi, ya miƙe rabi. Wakilin Gona ya ɓoye murmushi a cikin gemunsa.

Tambayoyin farko ba su ba shi wuya ba. Yaushe ake shuka auduga, me ya sa ake bin gero da gyaɗa a gona ɗaya. Mai Lofe yana jin Hausa sarai, irin ta littafi, kowace kalma a tsaye kamar soja. Sai ya ajiye lofe, ya jingina da kujera.

"To, Lukuman. Akwai samari da yawa a waje. Don me zan ɗauke ka, ba su ba? Me ka iya?"

Lukuman yana jin bugun agogon bango, yana jin carbin Wakili yana faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Ya tuna Bulus, ya tuna gonar gindin dutse da ciyawa za ta cinye. Ya buɗe baki. Jakin nan ya sake isowa bakin gada, ya kafe ƙafafunsa huɗu.

"Ranka ya daɗe, ana dai…"

Sai ganga ta tashi a bayan taga.

Ba ƙaramin kiɗa ba, kiɗan gayya sosai, irin wanda ke sa garma rawa a hannu. Tantabarun da ke kan rufi suka watse. Sannan wata murya ta biyo baya, muryar da Lukuman ya sani tun yana goye:

"Lukuman na Halima, jikan Sarkin Noma!
Ya fara huɗa a Tsafe da hantsi, kafin azahar ya ɓulla 'Yankuzo!
Bijimin da ya gagari Fulani, ya hango ka ya durƙusa ya yi gaisuwa!
Tsutsar auduga ta ji sunanka, ta yi ƙaura ba sallama!
Turancin da Bature ya mance, wurinka yake zuwa tambaya!"

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da Lukuman ya gode mata. Gumi ya keto masa daga ƙarƙashin hular kakansa. A waje ana ta hayaniya, masinja na ihu, masu jira na dariya, muryar Bulus ta fi ta kowa. Mai Lofe ya miƙe, fuskarsa ta ƙara ja.

"Mene ne wannan? Wane ne wannan mutum?"

"Maroƙi ne," in ji Wakilin Gona, cikin natsuwa, ko da yake kafaɗunsa na rawa. "Ga alama mutanen gidan yaron sun ji an ce ana bukatar yabo a ofishin nan, sai suka aiko da gwaninsa." Ya ɗaga murya. "Masinja, kada ka taɓa shi! Tsoho ne. Ka dai ce ya sassauta."

Ganga ta yi shiru. Kan Tunau ya bayyana a taga, da hularsa a karkace, yana haki, idanunsa na ƙyalli kamar na wanda ya gama aikin alheri.

Mai Lofe ya dubi tsohon, ya dubi Lukuman. Ya koma ya zauna a hankali, ya ɗauki lofensa.

"Na ji abin da ya ce. Daga Tsafe zuwa 'Yankuzo kafin azahar. Wannan gaskiya ne?"

"A'a, ranka ya daɗe!" Maganar ta fito da gudu, ba ta ko tsaya a maƙogwaro ba. "Wallahi ban taɓa ba. Gonar kakata ce kawai, 'yar ƙarama, da shanun aro. Huɗar farko ma ta karkace kamar sawun maciji, sai da na sake. Kuma na daɗe a kanta, don ban bi gangare ba, na gitta shi ne."

"Don me ka gitta?"

"Gonar a gindin dutse take. In aka bi gangare, ruwa na saukowa ya kwashe ƙasa ya kai rafi. In aka gitta, sai ya tsaya ya shiga ƙasa. Bara ba ta zaizaye ba. Amma 'Yankuzo kam, ko a mota ban cika zuwa ba."

Mai Lofe ya jawo alƙalami. "Bijimin fa? Ya gaishe ka?"

"Bai gaishe ni ba, harbina ya yi, har yanzu ga tabo. Wani sa ne a gonar kwaleji da ya ƙi karkiya, aka ce mugu ne, a sayar wa mahauta. Ni dai na ga kullum gefe guda yake karkatar da wuya. Da na shafa karkiyar sai na ji wani ƙulli a jikin icen yana gurzar sa. Na kankare shi da fasasshiyar kwalba, na riƙa shafa masa man kaɗe a gyambon, ina ba shi dusa da kanwa har ya warke. Shi ke nan. Ba wani abu ba ne, ciwo ne yake ji."

"Yana aiki yanzu?"

"Shi ke gaba, ranka ya daɗe."

"Tsutsar auduga kuma ta yi ƙaura."

"Ina fa! Tana nan daram. Na dai bi maƙwabtanmu na roƙe su mu tumɓuke tsohon karan auduga bayan girbi mu ƙone, don a nan take ɓuya. Kaɗan suka yarda, sauran suka ce ɗan boko ya zo da tsirfa. Waɗanda suka yarda ɓarnarsu ta ragu. Bana wasu sun ce za su gwada."

Alƙalamin Bature na ta tafiya. Bai ɗago ba ya ce, "Saura Turancin da na mance."

"Wannan kam, ranka ya daɗe, ko kusa. A Turanci na fi shan jan alƙalami a duk ajinmu."

Mai Lofe ya yi wata irin dariya ta hanci, hayaƙi ya fita ta ko'ina. Lukuman ya ji nauyin ƙirjinsa ya sauka. Bai taɓa jin magana ta yi masa sauƙi haka ba. Ai ba yabon kansa yake yi ba, rage wa kansa tsawo yake yi, wannan kuwa aikin da ya iya ne tun yana yaro.

Sai Wakilin Gona ya ajiye carbinsa a kan tebur.

"Ni ma ina da tambaya guda, yaro." Muryarsa ba ta da zafi, amma dariyar ta bar fuskarsa. "Tsohon nan ya baro Tsafe da gangarsa, a cikin zafin nan, saboda kai. Ya faɗi abu huɗu, ka rushe huɗu, a gaban baƙo. To gaya mana: maƙaryaci ne?"

Lukuman ya waiwaya. Tunau na nan a taga. Ƙyallin idonsa ya dushe, ya saki gangar tana reto a gefensa, bakinsa ya daina tauna goro. Bai taɓa ganin tsohon ya yi ƙanƙanta haka ba.

In ya ce i, ya tozarta mutumin da ya yi wa kakansa kirari har bakin kabari. In ya ce a'a, ya ƙaryata duk abin da ya gama faɗa, Bature kuma na riƙe da alƙalami. Agogo ya ci gaba da bugawa. Wannan tambayar Bulus bai koya masa ita ba.

"Ba maƙaryaci ba ne, ranka ya daɗe," in ji shi a hankali. "Maɗinki ne. Riga ya ɗinka mini, irin wadda ake ɗinka wa yaro, mai jan ƙasa. Ni na faɗi iyakar jikina ne, don kada a ɗauka na cika ta. Ban cika ta ba." Ya ɗago kai ya dubi Baturen ido da ido, karo na farko. "Damina ɗaya nake roƙo a gonarku, in ga ko zan cika ko da hannu guda."

Wakilin Gona ya ɗauki carbinsa. Ya gyaɗa kai sau ɗaya, ya dubi Mai Lofe. Mai Lofe ya daɗe yana ƙwanƙwasa lofensa a gefen tebur.

"Je ka jira a waje," in ji shi.

Sai bayan azahar, da aka gama da kowa, masinja ya sake kiran sa. Bature na tsaye a bakin ƙofa da hularsa a hannu.

"Ka zo da saukar ruwan farko. Akwai shanu biyu sababbi, ba su san karkiya ba. Ka zo da man kaɗenka." Ya sa hula, ya taka mataki ɗaya, ya juyo. "Kada ka zo da mai ganga."

Bulus ya ɗaga shi sama a tsakiyar baranda har hular kakansa ta faɗi. "Ka ga abin da nake gaya maka? Ka faɗa! Duk ka faɗa, har da abin da ban sani ba! Ashe kai ba a tambayarka me ka iya, sai dai a yi maka ƙazafin alheri ka tashi kare kanka!"

A motar komawa Tunau ya zauna can gefe. Ya rungume buhunsa, ya juya wa Lukuman ƙeya. Lukuman ya matsa kusa.

"Baba, ka yi haƙuri."

"Tun kafin a haifi ubanka nake roƙo," in ji tsohon, bai juyo ba. "Ba a taɓa zaunar da kirarina an tsefe shi zare-zare ba sai yau. Gaban Nasara."

"Na tuba."

"Hm." Ya gyara riƙon buhunsa. "Amma zancen rigar nan ka faɗe shi da kyau. Wa ya koya maka?"

"Wani tsoho ne a Tsafe."

"Ya san abin da yake yi, wanga tsoho."

"Sunan Bungudu fa, Baba? Ba ka je ba."

"Ba a haifi yaron ba tukuna," in ji Tunau, ya ɓalle goro ya miƙa masa rabi.

Lukuman ya tauna, ɗacin ya bi masa harshe kafin zaƙin ya biyo. Dutsen Kwatarkwashi ya taso a gefen hanya, rana ta yi masa ja a kafaɗa. Wani tunani ya zo ya zauna masa: duk rayuwarsa bai taɓa jera abin kirkin da ya yi a gaban mutane kamar yau ba. Ya rufe wa yabon kai ƙofar gaba, ya shigo ta katanga, kuma har ya ji daɗin shigowarsa. To wannan ladabi ne, ko jahilcin ne ya sa rawani? Ya juya tambayar, ya sake juya ta. A karon nan bai ji tana yi masa nauyi ba. Ya ajiye ta, don ya san za ta jira shi.

Kaka Halima na tsaye a ƙofar gida, ta kare ido da tafin hannu.

"Maigida, yaya? Gusau ko Barno?"

"Gusau, Kaka."

Ta rangaɗa guɗa, da haƙorinta guda, har awakin maƙwabta suka firgita. Sannan ta kama hannun rigarsa, ta rage murya.

"Ba ka dai yabi kanka ba ko?"

Lukuman ya dubi Tunau. Tunau ya dubi sama, inda wani ɗan gajimare ya fara haɗuwa ta gabas.

"Ko kalma ɗaya bai yarda da ita ba," in ji tsohon. "Duk abin da na faɗi sai da ya musa."

"Alhamdu lillahi," in ji Kaka. "Ɗan halak. Na san ban yi renon banza ba."

Mutanen unguwa suka fara taruwa. Tunau ya kwance bakin buhu, ya rataya ganga, ya gyara murya.

"Lukuman na Halima, angon damina! Wanda ya shiga ofis Bature ya miƙe tsaye! Gonar gwamnati ta yi maka kaɗan, sai an haɗa maka da Bungudu!"

"Baba," in ji Lukuman, "ai ba don ni ya miƙe ba, gangarka ce ta…"

Tsohon ya dafe masa baki da tafin hannu mai warin goro, ɗaya hannun bai bar kiɗa ba.

"Yi shiru, yaro. Wannan rigar ta baɗi ce."